Wuskin Taiwan da zafin Yilan

Sai a 2002 gwamnatin Taiwan ta sakar wa 'yan kasuwa harkar giya. Zuwa 2008 kamfanin Kavalan na Yilan, wani yanki a arewa maso gabashin Taiwan, ya fitar da wuskinsa na farko, wato wata giya mai ƙarfi. Tsiron sha'ir ne zalla: a jiƙa, ya tashi, a dafa sau biyu a tukunyar tagulla ana tattara tururin, sai a adana shi a gangar katako ya nuna.

Gangar nan ce wurin rigima. A Sikotilan kusan kashi 2 cikin 100 na wuskin da ke cikin ganga ke bin iska duk shekara. A Yilan yakan kai 10. Zafi na sa wuski ya nuna da wuri, amma in aka yi sake ya daɗe, katako ya rinjaye shi, ya yi bauri.