Ƙwallon tana ƙarƙashin gadona

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau ce ranar komawarmu asibiti da Abba, wata uku ke nan da sallamo mu. Ana idar da asuba na tashe shi. Hazo ya rufe gari, mai adaidaita ya naɗe fuska sai idanu kawai, kuma tun daga Ɗorayi har muka isa Asibitin Malam Aminu Kano yaron nan bai ce mini uffan ba. Fushi yake da ni tun jiya, don na kama shi a bayan layinmu yana tsaron raga. Wai ai gola ba ya gudu.

Ban ga laifinsa ba. Shekararsa 14, ya murmure, yana cin tuwo malmala biyu. Wanda ya gan shi yau ba zai yarda shi ne aka kwantar da robar iska a hanci ba. Abin da mura ya fara, da ɗan zazzaɓi da gudawa, kwana uku suka wuce. Bayan kamar kwana goma sai ciwon ƙirji, sai amai, sai haki in ya ɗauko bokitin ruwa. Mai kemis na unguwa ya ce olsa ce, da ba ta yi ba ya ce maleriya, har ya ce a kawo shi ya saka masa ruwa leda biyu. Allah ne ya sa babansa ya ƙi. Daga baya likita ya ce zuciyar da ta raunana ba ta iya ɗaukar ruwa mai yawa, a huhu zai taru. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Daren da ya kasa kwanciya sai a zaune, na ɗora hannu a ƙirjinsa, jiki ba zafi amma zuciya na dukan tara-tara, nan na san wannan ta wuce kemis.

Kumburin tsokar zuciya, haka aka fassara mana, su likitoci mayokadaitis suke cewa. Yawanci ƙwayar bairos ce irin wadda ke kawo mura ko gudawa, sai ta shiga naman zuciya, garkuwar jiki ta bi ta da yaƙi, a wajen yaƙin nan naman ya kumbura ya rasa ƙarfin matsa jini. Hajiya kakarsa har yanzu ba ta gamsu ba. A wurinta ciwon zuciya na mai baƙin ciki ne, kullum sai ta tambaye ni, "Wai wa ya ɓata wa yaron nan rai?"

A kan benci na zauna kusa da wata mata daga Rijiyar Lemo da 'yarta. Ita tasu mashaƙo ce, lokacin da annobar ta yi ƙamari a Kano a 2023. Ta ce maƙogwaro ya fara sauƙi, har sun fara murna, a sati na biyu zuciya ta rikice, don dafin ƙwayar cutar kan bi jini ya taɓa ta. Yarinyar ta rayu, amma har yanzu suna zuwa. Ta ce mini, "Maman Abba, ki duba katin rigakafin ƙannensa." Ina dawowa gida kuwa shi na fara lalubowa a cikin akwati. Allurar sati 6 da 10 da 14 duk an yi wa auta, alhamdulillahi.

Wajen sha ɗaya aka kira mu ɗakin hoton zuciya. Aka ce ya kwanta ta gefen hagu, aka shafa masa wani mai kamar man kitso, ya zabura don sanyi. Ni dai baƙi da fari nake gani a allo, wani abu yana buɗewa yana rufewa kamar bakin kifi, sai wani sauti fuu, fuu. Wancan karon ko ni da ban sani ba na ga motsin a kasalance yake. Yau da ɗan kuzari. Akwai lambar da suke aunawa, wato kason jinin da zuciya ke turawa waje a bugu ɗaya. Ta mai lafiya daga 55 cikin 100 zuwa sama. Ranar da aka kwantar da Abba 35 ce. Yau 50. Na yi hamdala a fili har ma'aikaciyar ta yi dariya.

Na tambayi likita ko shi ke nan. Ya ce yara da yawa zuciyarsu kan koma daidai cikin makonni ko watanni, wasu kuma takan buɗe ta saki, su daɗe a kan magani, akwai kuma waɗanda tun farko abin kan zo musu da ƙarfi sosai, musamman jarirai. Abba dai da alama yana hanyar farko, amma sai an ci gaba da dubawa. Cikin magungunansa biyu, ya cire masa mai sa yawan fitsarin nan da ya hana mu barci, ya bar ɗayan. Ya kuma ce kada a sayo masa maganin ciwon jiki irin su ibuprofen ba tare da an tambaya ba.

Sai Abba, wanda tun safe bai buɗe baki ba, ya ce, "Likita, ƙwallo fa?"

Likitan ya ajiye biro ya juyo gare shi sosai, abin da ya burge ni. Ya ce ƙa'ida wata uku zuwa shida ba wasan guje-guje, kuma tunda lambarsa ba ta cika ba, shida za a bi. Inda naman zuciyar ya kumbura kan bar tabo, tabon nan kuma kan iya rikita bugun zuciya daidai lokacin da ake tsaka da gudu, yaro ya yanke jiki ya faɗi a fili alhali da safe lafiya lau ya fita. Kafin a sake shi sai an maƙala masa na'urar da ke naɗar bugu na awa 24, a kuma gwada shi a kan injin gudu. "Gola ma?" in ji Abba. "Gola ma."

Tafiya a ƙafa an yarda, makaranta ma, ban da wasannin motsa jiki. Na karɓi takarda zan kai wa shugaban makarantarsu gobe.

A hanyar dawowa na tsaya Gyaɗi-gyaɗi na saya masa awara, ya ci rabi ya riƙe sauran wa ƙannensa. Da magariba abokansa suka zo ƙofar gida aron ƙwallo. Ya shigo ɗakina ya durƙusa, ya jawo ta daga ƙarƙashin gado, ya matsa ta da yatsa ya ce ta sace. Ya ba ta iska da kansa, ya miƙa musu ta kan katanga, sannan ya ce, "Umma, in na zauna a kan dakali ina kallo kawai fa?"

Na ce to, amma ƙanwarsa za ta bi shi.