Kwalbar Bons Vœux a daren Asabar

Asabar, tsakiyar Disamba, Tournai

Tun daren jiya kwalbar take tsaye a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida, inda ma'aunin zafi ke nuna digiri 11. Avec les Bons Vœux ce, ta gidan giyar Dupont da ke ƙauyen Tourpes a lardin Hainaut, nan Beljiyam. Kwalbar santilita 75 ce, mai toshiya da aka ɗaure da waya, barasarta kuwa kashi 9.5 cikin ɗari. Dalilin tsayar da ita shi ne akwai yis mai rai a ciki. Girgizar hanya tana tayar da shi, kuma sai ya yi wuni da kwana kafin ya koma gindin kwalba ya kwanta. Wanda ya buɗe ta da isowarsa daga kanti zai sami giya mai gurɓi, wani lokaci ma rabinta ya tafi a kumfa.

Irin wannan giya ana ce mata saison, wato lokacin shekara a Faransanci. Manoman Waloniya, yankin kudancin Beljiyam, ne ke dafa ta da hunturu, sa'ad da aikin gona ya lafa kuma sanyi ke hana ta lalacewa, su adana ta domin 'yan ƙodagon da ke zuwa girbi idan zafi ya shigo. Ta wancan zamani ba ta da ƙarfi sosai, don mai riƙe da lauje yana bukatar hankalinsa. A gonar Tourpes ana dafa giya tun 1844, iyalin Dupont suka saye ta a 1920. Ita Bons Vœux a 1970 aka fara yin ta, kyautar sabuwar shekara ga abokan ciniki na kusa, shi ya sa sunanta ke nufin "tare da fatan alheri".

Buɗewa tana son natsuwa. Babban yatsa a kan toshiya tun kafin a kwance wayar, don iskar da ke ciki ta kan harbo ta ba zato. A karkata kwalbar, bakinta ya kauce wa fuskar kowa, a riƙe toshiyar da tsumma, a riƙa juya kwalbar a hankali har iska ta fita da ɗan huci. Kofin gilashi mai ciki da tsukakken baki ya fi dacewa, domin yana tara ƙamshi. A wanke shi tas, a ɗauraye da ruwan sanyi. Ɗigon maiƙo ko ragowar sabulu kaɗai ya isa ya kashe kumfa cikin minti ɗaya, kuma idan ka ga ƙananan ƙwayoyin iska sun manne a jikin gilashin, to kofin bai wanku ba.

Kofi uku na zuba a jere ba tare da na miƙar da kwalbar ba, don kowace miƙewa tana motsa yis ɗin. Na bar kamar faɗin yatsa biyu a ƙasa.

Launinta na zinariya ne mai ɗan ja, kamar zumar da aka ɗaga wa fitila. Kumfar fara fat, mai kauri, ta tashi yatsa uku ta tsaya. A shaƙar farko, tana digiri 11, ƙamshin furen hop, tsiron da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, ne a gaba: ɗanyar ciyawa da ɓawon lemu. An ƙara mata hop a bushe bayan ta nuna, kuma wannan ƙarin ƙamshi yake bayarwa fiye da ɗaci. Na dafa kofin da tafin hannu minti goma. Da ta kai wajen digiri 14 sai wani abu dabam ya taso, masoro da kanumfari, da ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna lugub. Duk wanda ya shaƙa zai rantse an jefa kayan yaji a tukunya. Aikin yis ne. Yawancin giyar da ake kira ale tana nuna tsakanin digiri 18 da 22, wadda ake kira lager kuwa ƙasa da haka nesa, amma yis ɗin saison ana barinsa ya hau har digiri 30 ko fiye. A wannan zafi wani yis zai fitar da barasa mai warin fenti da sa ciwon kai. Wannan kuwa a nan yake sakin yajinsa.

A baki ne na fi daɗewa. Kurɓin farko yana shiga da laushi da alamar zaƙi, kamar burodin da aka shafa wa zuma, daga tsiron sha'ir ke nan. Kafin ka gama lura sai iskar ta watsa shi a harshe, ɗaci mai tsabta ya biyo baya, bakin ya bushe ƙarau. Wannan bushewa ita ce abin da nake ƙauna a giyar, kuma ita ce ke raba saison ta ƙwarai da giya mai ƙarfi da aka bari da zaƙi. Lissafin a fili yake: don a sami kashi 9.5, sai ma'aunin kaurin ruwan tsiro ya sauka da maki kusan 72, misali daga 1.080 zuwa 1.008. Wato yis ya cinye kusan duk sukarin. Da an bar saura mai yawa, giyar za ta yi danƙo a baki kamar maganin tari, kofi ɗaya ya gundure ka.

Masu dafawa a gida sun san halin yis irin na Dupont. Yakan fara da gudu, ya zo wajen 1.035 ya tsaya cak, kamar ya gama. Bai gama ba. A ƙara masa ɗumi zuwa digiri 30, a ba shi makonni, zai ci gaba. Wanda ya yi gaggawar zubawa a kwalba a wannan gaɓa, yis zai ƙarasa aikinsa a rufe, kwalabe su yi ta fashewa.

Kawu, wanda ya taso kusa da tukwanen burkutu a Filato, ya kurɓa sau biyu ya ce, "Ɗana, wannan ba ta da tsamin tamu, amma tana da rai kamar tamu." Ya faɗi daidai. Burkutu daga tsiron dawa ake yin ta, tsaminta na ƙwayoyin da ke tsamar da nono ne, kuma ana shan ta tana kan nuna, cikin kwana ɗaya ko biyu. Saison hop ne ke tsare ta daga waɗannan ƙwayoyi, shi ya sa take iya yin watanni a kwalba.

Abubuwa uku ke ɓata irin wannan kwalba kafin ta iso tebur. Haske shi ne babba: yana sauya sinadarin ɗacin hop ya koma wari kamar na bodari, kuma koriyar kwalba ba ta tare shi kamar mai ruwan ƙasa, don haka a nemi wadda ke cikin kwali, a guji ta bakin taga. Iska idan ta sami shiga ta toshiyar da ta bushe, giyar kan yi ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Sai sanyin firiji, digiri 4, wanda ke kulle ƙamshin duka ya bar ka da ɗaci da iska kawai. Wannan na ƙarshe yana da magani: a fito da ita rabin awa kafin buɗewa.

Mun haɗa ta da gasasshiyar kaza da cuku mai tauri. Iskar da ɗacin suna wanke maiƙo daga harshe, kowace loma ta dawo sabuwa. Yajin barkono kuwa bai jitu da ita ba, yana fito da zafin barasar a maƙogwaro.

Ƙarfinta ba ya bayyana a ɗanɗano, sai ɗan ɗumi a ƙirji bayan haɗiya, kuma nan ne ake ruɗuwa. Kwalbar tana ɗauke da barasa zalla mililita 71, kusan giram 56. Kwalbar mutum uku ce, tare da abinci da ruwa, kuma babu tuƙi bayanta.

Ragowar gindin kwalba na kaɗa na zuba a ƙaramin kofi dabam. Ta fito da hazo, ta fi kauri, ɗacinta ya ƙaru, da ƙamshin ƙullin burodi. Kwalba ta biyu na rubuta mata kwanan watan yau, na mayar da ita cikin duhu a digiri 11. Zuwa Disamban baɗi ƙamshin ɗanyar ciyawa zai ja baya, zumar ta matso gaba.