Ruwan da na zuba da hannuna ya kashe mini furanni biyar

Gidanmu gidan noman albasa ne. Tun ina yaro nake bin mahaifina lambu a bakin kogin Binuwai, don haka da ƙanena ya sauka daga jirgin ƙasa a Ngaundare ya hawo mota zuwa Garwa da albasar fure guda tara a kwali, ban tambayi kowa komai ba. A Yawunde ya saya mini, sefa 2,500 kowace ɗaya, mai sayarwa ya ce masa amarilis ce 'yar Holan. Asalinta daga Kudancin Amurka take, masana suna kiranta Hippeastrum, amma a Holan aka fi haɗa irinta har aka samu masu manyan furannin nan.

Na shuka a watan Nuwamba, cikin baƙaƙen bokitan roba da na cika da laka daga fadama. Kafin Janairu ya ƙare bakwai sun fitar da kara, kowane da fure huɗu, ja wur, faɗin tafin hannu. Maƙwabta suna shigowa kallo. Biyu ba su yi fure ba, ganye kawai, na ce lokacinsu ne bai yi ba.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafin da ke wuce digiri 40. Bakin ganyen ya fara ƙonewa yana yin ruwan ɗorawa, ni kuwa abin da na sani ɗaya ne: shuka ta yi yaushi, a ba ta ruwa. Na riƙa zuba musu safe da yamma, wata rana har da azahar. Mako uku ina wannan. Laka ba ta sakin ruwa, hujin bokitin guda biyu ne ƙanana, ga baƙar roba tana shan rana tun hantsi. Ashe dafa su nake yi.

Wari ne ya fara sanar da ni. Na ja ganyen ɗaya sai ya taho a hannuna ba saiwa, na tona na iske albasar ta zama kamar kunu, ta yi baƙi daga gindi. Biyar haka. Har yau in na tuna yatsana yana nutsewa cikin albasar da ta ba ni fure huɗu wata biyu kafin nan, raina ɓaci yake.

Na kwashi biyu da suka rage zuwa wurin wani dattijo mai rainon itatuwa a unguwar Yelwa. Ya juya su a hannu, ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka binne ta har wuya? Kashi ɗaya cikin uku a waje ake barinsa." Ya sa na yanke inda ya fara ruɓewa da wuƙa mai tsabta, na barbaɗa toka, na shanya a inuwa kwana huɗu. Sannan tukunyar ƙasa mai babban huji, yashin kogi rabi, ruɓaɓɓen taki rabi, a ajiye ƙarƙashin darbejiya inda ranar safe kaɗai ke taɓa ta. Ruwa kuwa sai na tura yatsa na ji ƙasa ta bushe. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da ya ce albasar tana buƙatar hutu ba ruwa na mako takwas zuwa goma kafin ta sake fure. Da barinsu kawai na yi a inuwa, da biyar ɗin suna nan.

Su biyun da ba su yi fure ba kuwa, duk ruwan nan ko a jikinsu. Da damina ta sauka a Yuni suka fitar da fure fari mai zanen ja-ja a tsakiyar kowane kunne, ga ƙamshi da yamma. Gwaggona ta leƙa ta ce, "Kai, wannan ai gadali ne, albasar kwaɗi! Cike take a fadamar ƙauyenmu." Wadda masana ke kira Crinum ce, ta dajinmu, aka cusa cikin kwalin a farashin 'yar Holan. Ita dama laka da ruwa take so, shi ya sa ta tsira.

Yanzu ba a yi mini wannan. Gadali wuyansa dogo ne, ganyensa yana zagaye kai, karan furensa a cike yake. Amarilis wuyanta gajere, ganyenta jeri biyu ne dama da hagu, in ka matsa karan za ka ji rami a ciki. Kuma dukansu guba ne, kada a ajiye su kusa da kwandon albasar miya ko inda awaki ke kaiwa.

Wani ya ba ni shawara in shuka ƙwayar iri don in mayar da asarata. Ban yi ba, domin haɗaɗɗen iri ba ya maimaita kamar uwarsa, kuma sai ka jira kusan shekara uku kafin ka ga launin da zai fito. 'Ya'yan da ke tsirowa a gefen albasa su ne ke ɗauko uwa sak. Biyun da na ceto sun ba ni 'ya'ya uku bana, na raba su a tukwane. Bokitan roba biyar ɗin suna bayan ɗaki, matata tana ɗiban ruwan wanki da su.