Bututun da Aka Bari Domin Bene

A Aboabo da sauran unguwanninmu na Kumasi, da wuya mutum ya gina gidansa a tashi ɗaya. Sai a kammala ƙasa, a zuba kankare a sama, a bar roduna a tsaye, iyali su tare, ana jiran ranar da Allah zai hore kuɗin ɗora bene. Mai aikin wuta kuwa, domin kada a fasa bango nan gaba, yakan binne bututun roba biyu ko uku daga akwatin raba wuta zuwa saman kankaren, babu waya a cikinsu. Dabara ce mai kyau, amma a gidan kawuna ita ce ta kusa jawo mana gobara.

A tsakiyar damina babbar birekar gidan, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan an sami matsala, ta fara faɗuwa duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi. Da muka kira wani mai gyaran wuta mai lasisi ya buɗe akwatin, sai ga tsatsa ta ci gindinsa, ga alamar ruwa a kan wayoyi, ga kuma busasshiyar tsaka a bayan birekoki. Ya ɗaga kai ya nuna bakin wani bututu, ya ce, "Alhaji, ruwan nan daga samanku yake saukowa." Kawu ya ce, "Malam, ai mun toshe shi da leda tun ana gini." Da muka hau, sai muka tarar rana ta cinye ledar tuntuni, bututun ya zama tamkar indararo mai kai ruwa kai tsaye cikin akwatin.

A Ghana, dokar jan wayar lantarki ta 2011, wadda ake kira L.I. 2008, ta wajabta cewa wanda Hukumar Makamashi ta ba wa takardar shaida ne kaɗai zai yi wa gida wayarin. Salon aikinmu kuma ya samo asali ne daga Ingila, shi ya sa soket ɗinmu mai ƙafa uku yake. Ƙa'idar Ingila, BS 7671, ta ce akwatin da ke ɗauke da wuta kada ya kasance da kafar da yatsa zai shiga, wato abu mai kaurin milimita 12.5, saman akwatin kuwa ko siririyar waya mai kaurin milimita 1 kada ta sami hanya. Bututunmu na yau da kullum milimita 20 ne ko 25, kuma sau da yawa ta saman akwatin yake shigowa. Kundin ƙa'idojin wutar lantarki na Amurka, NEC, bugun 2023, ya fi fitowa fili: sashe na 110.12(A) ya ce a rufe duk kafar da ba a amfani da ita, sashe na 300.5(G) kuma, da yake magana a kan bututun ƙarƙashin ƙasa, ya ambaci wanda aka ajiye babu waya, ya ce shi ma a toshe shi. Dokar Amurka ba ta hau kanmu ba, amma dalilinta ya shafe mu.

Ba ruwan sama kaɗai ne abin tsoro ba. Iska mai laima tana bin bututun ta zama raɓa a kan ƙarfe, ƙurar hunturu tana taruwa ta jiƙe idan damina ta dawo, kyankyaso da tururuwa da tsaka kuma suna son ɗumin akwatin, kuma jikin tsaka ɗaya ya isa ya haɗa waya mai wuta da ƙarfen akwati.

Abin da ya fi burge ni a aikin mutumin nan shi ne ya ƙi yarda a cusa siminti, ko da yake kawu ya nemi hakan. Ya ce siminti zai kashe bututun ke nan, ranar ɗora bene sai an fasa bango, tsumma da takarda kuwa suna shan ruwa, suna kuma kama wuta. Bayan ya kashe wutar gidan baki ɗaya, ya busar da bututun, ya sa marfin roba daidai girmansa a bakin sama, ya toshe bakin ƙasa da wani danƙo na musamman wanda ba ya ƙandarewa kuma ba ya cin rigar waya. Ya bar igiyar jan waya a ciki, ya rufe guraben birekoki biyu da suke a buɗe da faranta na roba, sannan ya rubuta a jikin marfin akwatin inda kowane bututu ya nufa. Birekoki uku da tsatsa ta taɓa sai da aka canza su, kuma kuɗinsu ya ninka na marafan sau da yawa.