Zamanmu da keken surfani mai kwamfuta a Garwa

Na gaji ɗinki daga mahaifina a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, amma sai a 2019 na sayo keken surfani mai kwamfuta daga Duwala, mai kai biyu, ƙirar Sin. Ana tsara zanen a kwamfuta a zuba masa, a ɗaure yadin, shi kuwa ya riƙa sauya allura da launin zare da kansa har ya kammala wuyan riga. Idan zare ya tsinke, akwai 'yar na'urar da ke ganewa, sai keken ya tsaya cak ya kunna jar fitila.

Babban ma'aikacina, dattijon da ya yi aiki da mahaifina, ya daɗe bai saki jiki da shi ba, yana tsaye a kansa kamar mai gadin tukunya. Abin da ya sauko da shi shi ne ɗaukewar wuta. Wutarmu daga madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai take zuwa, kuma idan ruwa ya ja baya da bazara sai ta yi ƙaranci. Da ya ga keken yana riƙe wurin da ya tsaya, ya ɗora daga nan idan wuta ta dawo, sai ya fara barinsa ya tafi sallar la'asar.

Asarar da na yi kuwa daga wani ɓangaren ta zo. A wani hunturu ƙura ta cika na'urar nan mai gane tsinkewar zare, keken ya dinga tsayawa alhali zare lafiya lau. Yaron da ke kansa ya gaji, ga aikin biki yana jira, sai ya kashe ta bai gaya wa kowa ba. Da zaren ya tsinke da gaske, allura ta ci gaba da huda shaddar mutane babu zare, ni na biya kuɗinta. Ban kore shi ba, domin keken ne ya yi ta yi masa ƙarya har ya daina yarda.

Tun daga nan kowace safiya ake share ƙura, kuma babu mai kashe na'urar sai da sanina. Ƙidayar ɗinki da sauya zare mun bar wa keken. Daidaita yadi kuwa aikin dattijon ne, domin keken bai san an karkace wuyan riga ba, kuma sabon zane sai an gwada shi a kan ƙyalle kafin a ɗora shadda.