Zanzanar da gilashin motata ya yi

Da daddare na fara lura. Duk motar da ta tunkaro ni, sai hasken fitilarta ya tarwatse a gilashin gaba, in kasa ganin bakin titi. Na ɗauka idona ne ya fara gajiya. Sai wata safiya da rana ta fito min ta gaba, na ga gilashin cike da 'yan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, ba su ƙirguwa. Na wanke, na goge, suna nan daram. Da na bi da farce sai na ji kaushi. Ashe zanzana gilashin ya yi. Yashi da ƙananan tsakuwa ne ke bugunsa a guje, kowanne ya ɗan ƙwaƙule wuri, shekara da shekaru.

A cikinsu akwai sara guda da ya fi sauran girma, mai kama da tauraro, wanda tsakuwa ta yi min ranar da na manne wa wata tifa a baya. Shi na fara kamawa, kuma shi kaɗai ne ya gyaru yadda nake so. Gilashin gaba falle biyu ne, da siririyar roba a tsakani, shi ya sa sara yakan tsaya a fallen waje. Na samo kayan liƙi: ruwan gam garai-garai da ake kira rezin, da sirinji, da 'yar leda. Na kai motar inuwa, na tsince ɓarɓashin da ke cikin ramin da tsinin allura, na tabbatar ya bushe ƙarau. Sirinjin na zuƙe iska da shi tukuna, sannan na danna gam ɗin ciki, ina kallon ƙafafun tauraron suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na rufe da ledar, na tura motar rana kamar minti 20, don hasken rana ne ke daskarar da shi. Sannan na kankare abin da ya yi tudu da reza, ina riƙe da ita a tsaye. Tabo ya rage, amma sai ka neme shi.

Wannan nasara ce ta ruɗe ni. Na ce ai sauran ma sun shiga hannu. Na sayo hodar seriyam oksaid da ake goge gilashi da ita, na kwaɓa da ruwa, na ɗaura ƙyallen guga a bakin injin huda, na duƙufa daidai inda direba ke kallo. Dole kana yi kana fesa ruwa, in ba haka ba wurin ya ɗau zafi ya tsage. Awa biyu ina abu ɗaya. Layukan da waifa ta zana sun dushe, wannan kam gaskiya ne. Ramukan kuwa ko gezau, sai ma hodar ta shige cikinsu suka yi fari fat. Abin da ya fi ci min rai shi ne inda na fi dannawa ya ɗan lotsa, turakun fitilar titi suka riƙa lanƙwashewa idan na duba ta wurin.

Mai gyaran gilashin da na kai wa ya shafa da yatsa, ya ce, "Malam, duk ramin da farce ya kama, guga ba ta fitar da shi. Sai ka cinye gilashin har ƙasan ramin, kuma ka ga abin da hakan ke jawowa." Canji dai aka yi. Ya kuma gaya min cewa motar da ke da kyamara a bayan madubin tsakiya, sai an sake saita ta bayan canjin.

Sabon gilashin nake lallaɓawa yanzu. Tifa ko motar tsakuwa, ina ba ta tazara mai yawa, in hanya ba kwalta kuma in sassauta gudu, don ƙarfin bugun daga gudun yake zuwa. Na daina kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, sai na fesa ruwa, kuma robarta na fara taurarewa nake sauya ta. Ba na watsa ruwan sanyi a gilashin da ya sha rana, musamman in akwai sara. Salatif kuma yana aljihun mota, don in tsakuwa ta sake samuna in rufe wurin nan take kafin ƙura da ruwa su shiga.