Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fom Ɗin da Ya Mayar da Ni Aji

A makon jiya na tsaya ne a rasuwar Baba, ina aji biyu a sashen Tarihi. Bayan mutane sun watse, Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, gaskiya ɗaya ce. Da likitanci kake karantawa, da na ci bashi na ƙarasa maka. Amma labarin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, wa zai ɗauke ka aiki da shi?" Ban ga laifinsa ba, nauyin ƙannena huɗu ya dawo wuyansa. Na ce, "To, Kawu," na tashi. Zango guda cur ban leƙa aji ba.

Malamin da ke koyar da mu dabarun bincike ne ya aika aka nemo ni. Ina shiga ofishinsa ya turo min fom na wata gidauniya da wata baiwar Allah ta kafa, mai sharaɗi ɗaya tak: tallafin na ɗaliban tarihi ne, da harsuna, da falsafa, da adabi. Na ce, "Malam, dama akwai mai kashe dukiyarsa a kan irinmu?"

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ai masu tarihi sun ruwaito cewa masallacin Ƙarawiyyin da ke Fas ta ƙasar Maroko, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilimi a duniya, wata mace ce, Fatima al-Fihri, ta gina shi a shekarar 859 da gadon mahaifinta. Ya ce a Amurka ma akwai Gidauniyar Mellon, wadda tun 1969 take zuba kuɗi a wannan fanni. "Cike ka kawo min gobe."

Bayan wata biyu amsa ta zo. Sau uku na karanta wasiƙar a tsaye, hannuna yana rawa.

Abin da kuɗin nan ya saya min shi ne lokaci, kuma na san inda na kashe shi. Malam kan shigo da takardu biyu masu ba da labarin yaƙi ɗaya, kowacce tana cewa ɓangarenta ne ya yi nasara. Ba ya faɗa mana mai gaskiya. Sai dai ya jera tambayoyi: wa ya rubuta? Wa ke biyansa? Shekara nawa bayan aukuwar abin? Me ya yi shiru a kai? Wannan ta ƙarshen ita ta fi shiga raina, har yau ba na karanta ko da sanarwar hukuma ban yi ta ba.

A watan Janairun 2013 labari ya iso mana cewa 'yan bindiga sun ƙona wasu littattafan rubutun hannu a Cibiyar Ahmed Baba da ke Timbuktu ta ƙasar Mali. Ajin ya yi tsit. Daga baya muka ji cewa Abdel Kader Haidara, wani mai kula da ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai a garin, da abokan aikinsa sun riga sun kwashe dubbai a akwatunan ƙarfe zuwa Bamako a ɓoye, da taimakon kuɗin masu ba da tallafi daga waje. Na yi ta tunanin mutanen da suka san darajar takardun har suka sa ransu a haɗari, da kuma waɗanda suka biya kuɗin akwati da mota. Daren nan na rubuta wa matar da ta ɗauki nauyina wasiƙar godiya, shafi uku, duk da ban taɓa ganin fuskarta ba.

Da na je hutu, Kawu bai ce komai kan karatun ba. Sai ana gobe zan koma ya shigo ɗakina riƙe da tsohuwar jakar Baba, cike da takardun da tawadarsu ta fara dusashewa. Ya ajiye a gabana ya ce, "An taso mu da maganar gado. Kai da ka iya karatun tsofaffin takardu, duba mana."

Abin da na tarar a ciki, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.